Idan Akwatin Ajiyar Hotuna da Takardu Ya Ƙi Tashi: Shawarwari Ga Gidaje da Shagunan Kudancin Kano

Ba kowane gida ba ne a Tiga, Kafin Maiyaki, Tudun Wada ko Riruwai ke da akwatin ajiyar nan da ake jonawa da rawuta, wanda masu sayarwa ke kira NAS. Sai dai masu shi sun dogara da shi ƙwarai: mai ɗaukar hoto da bidiyon biki, mai shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, mai tura finafinai a waya, da gidan da ɗansu ma'aikaci ya kawo shi daga birni don a tara hotunan iyali da takardun gona wuri guda. Da yawansu na gwanjo ne, irin su WD My Cloud, Buffalo, D-Link, ko tsohon Synology da QNAP, waɗanda suka ci rabin ƙarfinsu a Turai ko Amurka kafin su iso mana.

Akwatin ƙaramar kwamfuta ce marar allo, da faifan ajiya ɗaya ko biyu ko huɗu a cikinta. Kayanku suna kan faifan, kuma sau da yawa faifan lafiyarsa lau a ranar da akwatin ya ƙi tashi. Rumbun da ƙofarsa ta cije ba a banka masa wuta don a kai ga hatsi. Asarar da ta fi yawa ba lalacewar farko ke jawo ta ba, gyaran gaggawa ne. Shi ya sa na jero shawarwarin nan daga abin da ba shi da haɗari zuwa mai haɗari, kuma a bi su a haka.

1. A fara tantance irin matsalar. Ƙin tashi daban, ƙin haɗuwa daban. Ku kashe rediyo da fankar ɗaki, ku kunna akwatin, ku kasa kunne. In babu fitila babu motsi, maganar wuta ce. In fitila tana ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, ya soma tashi ya maƙale. In fitilar ta tsaya cak kamar kullum, ana jin faifai yana juyi amma kwamfuta ba ta ganinsa, to akwatin ya tashi, hanyar zuwa gare shi ce ta toshe, sai ku tsallaka zuwa shawara ta 6. Ku ba shi lokaci kuma. Tsohon akwati yakan ɗauki minti biyar kafin ya kimtsa, kuma in wuta ce ta ɗauke masa yana tsakiyar aiki, yana iya shafe sa'o'i yana binciken faifansa. Wanda ya ƙosa ya zare filogi a lokacin nan ya ƙara masa ciwo.

2. A zargi adafta kafin komai. Ita ce ta fi saurin mutuwa, kuma tana da yaudara, don takan kunna fitila ta juya fanka alhali ba ta da ƙarfin tayar da faifai. Babban faifai, irin na kwamfutar tebur, yakan ja kusan 2A a daƙiƙun farko da yake soma juyi, sannan ya sauko. Adaftar da ta gaji ba ta iya wannan yunƙurin, sai a ji faifan ya ɗauki juyi ya saki, ya sake ɗauka ya saki, mai gida ya ce faifai ya mutu. Ko mita aka ɗora mata za ta iya nuna 12V daidai, tunda ba ta ɗauke da kaya a lokacin. Gwajin gaskiya shi ne a samo wata mai lafiya a jona.

A nan ne ake ɓarna, don haka a karanta rubutun da ke ƙarƙashin akwatin da na jikin tsohuwar adaftar. Lambar V dole ta zo daidai, ba ƙari ba ragi, kuma akasarin ƙananan akwatunan 12V ne. Lambar A kuwa ta kai ko ta wuce: in an rubuta 3A, ta 5A ta yi, amma ta rawuta ko ta dikoda mai 1A ba za ta yi ba. Sannan a duba ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin ne ke ɗauke da alamar tarawa. Babban abin tsoro shi ne cajar laftof. Bakin wasu yana shiga ramin akwatin zam, amma 19V take bayarwa, kuma ƙiftawar ido ta isa ta ƙona akwati da faifai tare. In hakan ta riga ta faru, kada a yanke ƙauna: a jikin allon faifan akwai wani ɗan ƙarfe mai kariya wanda shi ke fara ƙonewa, kuma ƙwararren mai gyara yakan iya ceto faifan. Adaftoci masu baki zagayayye mai allura huɗu kuma ba a musanya su tsakanin kamfanoni, don kowa da yadda ya jera wayoyinsa. A ƙarshe, adaftar da ta zo da kayan Amurka a tabbatar an rubuta 100–240V a jikinta.

3. A duba wutar gidan kanta. Ƙaramin janareta da ke ɗauke da firji da famfon ruwa, ko wutar NEPA da ta zo a raunane, suna iya hana akwatin tashi alhali ba abin da ya same shi. Ku kai shi inda wuta ke tsaye, ku jona shi kai tsaye a bango ba ta doguwar soket mai sako-sako ba. Akwai kuma dabarar da masu sola ke yi wadda ba ta dace da wannan na'ura ba, wato ɗaura ta kai tsaye a kan batir don an ga duk 12V aka rubuta. Batirin sola yakan haura 14V da rana yana caji, ya sauko ƙasa da 12V da dare, faifai kuwa ba ya jure wannan hawa da sauka. Ko dai a bi ta inbata da adaftarsa, ko a sa na'urar da ke daidaita wutar ta tsaya a 12V. Wanda ke sauya layi tsakanin NEPA da janareta kullum, ƙaramin UPS ya fi masa sabon faifai amfani.

4. A share ƙura, a nemi ƙwari. Hunturu yana cika fanka da ƙura, bazara ta zo ta tarar da ita a cushe. Yawancin akwatunan nan an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, kuma shagon kwano a watan Afrilu yana wuce haka. Wasu akwatunan kashe kansu suke yi in sun ji zafi ko suka ga fanka ta tsaya. A zare wuta, a share da busasshen burushi mai laushi, a hure da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta wulwulawa. Ku leƙa ramukan baya da tocila, don zanzaro yana son gina gidansa a irin wurin, kyankyaso kuma yana son ɗumin allon. Ban da ruwa, ban da fetur, ban da man keken ɗinki.

5. A gwada shi babu faifai. Kafin a zare komai, a kashe wuta, a rubuta wa kowane faifai lambar gidansa da maka, a ɗauki hoto da waya. Jerin yana da muhimmanci in za a mayar. Yanzu a kunna akwatin fanko. Synology da QNAP sukan yi ƙara su bayyana a manhajar neman su ko babu faifai, kuma in sun yi haka allonsu na da rai, matsalar na wurin adafta ko ɗaya daga cikin faya-fayan. Amma WD My Cloud mai faifai ɗaya da Buffalo da yawa manhajar tashinsu a kan faifan take, don haka shirunsu ba hujja ba ce.

In akwatin ya ƙi motsi ko babu faifai, akwai abu biyu da ya kamata mai gyara ya duba. Na farko ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allo, wanda ke riƙe agogo, yakan ƙare bayan shekaru. Na biyu wani aibi ne sananne. A farkon 2017 aka gano cewa ƙwaƙwalwar Intel Atom C2000 tana lalacewa da tsufa har na'ura ta kasa tashi, abin ya shafi Synology DS415+, DS1515+ da DS1815+, har kamfanin ya ƙara musu shekara guda a garanti. Alamarsa shuɗiyar fitila mai ƙyaftawa ba iyaka. QNAP TS-251 da TS-451 ma suna da makamancin wannan ciwo. Masu gyara sukan farfaɗo da su ta hanyar liƙa rasista mai ƙarfin ohm 100 a wani wuri a kan allo. Wannan faci ne na a samu a kwashe kaya, ba warkewa ba ce.

6. A sauya wayar sadarwa, a sauya rami. A bayan akwatin, inda wayar ke shiga, akwai ƙananan fitilu. In ba su kama ba, a kawo wata waya, a gwada wani ramin rawuta. Ɓera yana cin wayar nan, ɗan harshen robar bakinta kuma yana karyewa. In abin ya faru ne washegarin ruwa mai tsawa, wanda mutanen Doguwa da tsaunukan Riruwai suka fi na birni saninsa, a yi zargin ramin ya ƙone, musamman in an ja doguwar waya ta waje daga shago zuwa gida. Tsawa ba sai ta faɗo kan rufi take ɓarna ba. Akwatin da ke da rami biyu sai a koma na biyun. Daga yau kuma, in hadari ya haɗu, a zare wayar sadarwa tare da ta wuta.

7. A nemo adireshinsa. Wannan ita ce matsalar wanda ya sauya rawuta ko kamfanin layi. Tsohuwar rawuta tana raba adireshi mai farawa da 192.168.1, sabuwar kuma 192.168.0 ko 192.168.8, akwatin kuwa an kafe masa tsohon adireshi tun ranar da aka saita shi. Yana nan a kunne, amma ba mai jin kiransa. Ku shiga shafin rawutar ku duba jerin na'urorin da ke jone, ko ku sa manhajar kamfanin ta nemo shi: Synology Assistant, Qfinder na QNAP, NAS Navigator na Buffalo. In bai fito ba, ku jona shi da laftof kai tsaye da waya guda, ku jira minti biyu ko uku. In ba a kafe masa adireshi ba, su biyun za su ba kansu mai farawa da 169.254 su ga juna. Ku kuma tabbatar laftof ɗin ba ta kan layin baƙi na rawutar, ko kan intanet ɗin wayar wani, don daga can ba za ta taɓa ganinsa ba.

8. Wataƙila sabuwar kwamfutar ce ta ƙi shi. Tsofaffin akwatuna suna magana da kwamfuta ta wata tsohuwar hanya mai suna SMB1. Ta ramin da ke cikinta ne cutar WannaCry ta bi ta mamaye kwamfutocin duniya a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Daga ƙarshen shekarar Microsoft ya soma cire ta daga Windows 10, Windows 11 kuwa ba ya zuwa da ita a kunne. Saboda haka akwatin da ya yi shekaru yana buɗewa a tsohuwar kwamfuta zai iya ƙin buɗewa a sabuwa. Ku fara duba saitin akwatin ko yana da SMB2, ku kunna. In babu, a shiga Windows Features a kunna SMB 1.0/CIFS Client, a kwashe kaya, a sake kashe shi. Windows 11 na 24H2 ya ƙara tsanantawa, yana iya ƙin shiga akwatin da ba ya tambayar suna da kalmar sirri, maganin kuma shi ne a buɗe mai amfani a akwatin a sa masa kalmar sirri. In shafin saitin ne ya ƙi buɗewa a burauza, a rubuta http a gaban adireshin maimakon https, don tun 2020 manyan burauzoji suka daina karɓar tsohon tsarin tsaron da waɗannan na'urori ke amfani da shi. Ni dai da zan samu tsohuwar laftof mai Windows 7 a gidan, ita zan jona ba intanet, in huta da duk wannan.

9. Risetin iri-iri ne, a san wanda ake dannawa. Ɗan ramin bayan akwati da ake tsokana da allura yana da matakai. A Synology, riƙewa kamar daƙiƙa 4 har a ji ƙara yana mayar da saitin sadarwa da kalmar sirrin shugaba ne kawai, maimaitawa nan take kuma yana sa a sake ɗora manhajar akwatin gaba ɗaya. A QNAP daƙiƙa 3 ƙaramin risetin ne, daƙiƙa 10 babba. WD My Cloud yana da na daƙiƙa 4 da na 40. Ƙaramin ya isa ya warware matsalar adireshi da mantuwar kalmar sirri. Abin gudu yana cikin shafin saiti: duk inda kuka ga Format, Initialize, Full Restore ko Erase, ku janye hannu. Wanda ya kulle wasu jakunkuna da mabuɗin sirri kuma ya tabbatar mabuɗin na hannunsa kafin ya taɓa risetin kowane iri.

10. In akwatin ya mutu, a karanta faifan a waje, amma kada a yarda da tayin Windows. Ana jona faifan da kwamfuta ta abin haɗi na USB mai tasa adaftar wutar. Nan take Windows zai ce bai gane faifan ba, ya nemi a yi masa fomatin. Amsar ita ce a'a. Ba lalacewa ya yi ba, tsarin Linux ne a kansa, ext4 ko XFS ko Btrfs, wanda Windows bai iya karantawa. Sai a tayar da kwamfutar da Ubuntu daga filash, ba sai an ɗora shi ba, a buɗe faifan a kwafe. In faifai biyu ne masu kwafin juna, wato RAID 1, ɗaya ya wadatar. In kuwa an haɗe su ne suka zama babban wuri guda, irin RAID 0, sai dukansu sun hallara. Kada kuma a zura faifan a akwatin wani kamfani don gwaji, abin da zai fara nema shi ne ya goge shi. Masu WD My Book Live su gaya wa mai gyara sunan na'urar tun farko, don an tsara faifanta da wani ma'auni da Linux na kwamfuta ba ya buɗewa kai tsaye, sai da ƙarin manhaja, kuma wanda bai sani ba zai ce babu komai a ciki.

11. In ana jin ƙas-ƙas ko ƙarar gurzawa bayan an tabbatar adafta lafiya take, a kashe. Wataƙila allurar da ke karatu ce ke dukan faranti, kowane kunnawa kuma yana ƙara kankare abin da ake son ceto. Ba a bubbuga shi, ba a sa shi a firiza, ba a kwance murfinsa a shago. Tazarar allurar da farantin ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

12. Ranar da ya tashi, kwashe kaya ne aikin farko. Ba sabunta manhaja ba, ba sake jera jakunkuna ba. A fara da abin da ba a iya samowa a wani wuri: takardun fili da gona, sakamakon jarrabawa, hotunan iyaye, bidiyon bikin mutane da ba a kai musu ba tukuna. Finafinai su zo a ƙarshe. A yi kwafi biyu, ɗaya ya kwana a wani gidan.

Sannan a raba tsohon akwati da intanet. A watan Yunin 2021 masu WD My Book Live a ƙasashe da dama suka wayi gari an goge musu komai daga nesa, na'urar da rabonta da sabuntawa tun 2015, kuma shawarar kamfanin ita ce kowa ya cire tasa daga intanet. A Janairun 2022 cutar DeadBolt ta kulle akwatunan QNAP tana neman fansa da Bitcoin. A Afrilun 2024 aka bayyana wata kafa a D-Link DNS-320L, DNS-325, DNS-327L da DNS-340L, kamfanin ya ce ya daina kula da su, a sauya kawai. Masu wannan aika-aika ba su san Kiru ko Bebeji ba, manhaja suke saki tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya. A kashe shiga daga nesa a saitin akwatin, a kashe UPnP a rawuta, ya tsaya a aikin cikin gida.

13. In ta kama a tafi Kano, a tafi da shiri. Daga Riruwai a ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada da Kwanar Ɗangora kafin a kai Farm Centre ko titin Beirut, tafiya ce da ba a son maimaitawa don an manta adafta. A ɗauki akwatin, da adaftarsa, da dukan faya-fayan da lambobinsu, da sabon faifan da za a zuba kayan a ciki. A naɗe kowane faifai a tsumma mai kauri, a riƙe a cinya, kada a sa a but ko a ɗaure a bayan babur. A wurin mai gyara, tambaya biyu ta isa ta nuna muku ko ya san aikin: zai iya karanta faifan Linux, kuma zai fara ɗaukar kwafin faifan dungurungum kafin ya taɓa na asali? In ya ce sai ya yi fomatin ya gani, ku karɓi kayanku ku yi gaba. Ku yi ciniki a kan fito da kaya, ba a kan tayar da akwati ba, a kuma buɗe muku hotuna da takardu kaɗan ku gani da idonku kafin ku biya. Tunda akwai hotunan iyali da na matan mutane a ciki, a yi kwafin kuna zaune, a goge abin da ya rage a kwamfutarsa kafin ku tashi.